Kumburin Ciki da Maganin Indiyawa: Me Za Ki Ɗauka, Me Za Ki Ajiye

Malama, kin ce kin haura shekara arba'in, kuma yau wata da watanni da kin ci abinci sai cikinki ya cushe, ya kumbura har zani ya matse ki, ga gyatsa, ga ƙugi, bayan gida kuma sai kwana biyu ko uku. Kin sha maganin olsa na kemis, ya lafa, ya dawo. Yanzu maƙwabciyarki da ta raka mara lafiya Indiya ta kawo miki garin magani iri biyu, ɗaya an rubuta Triphala, ɗaya Hingvashtak, kina tambaya ko ki sha, kuma ko gaskiya ne maganin gargajiyar Indiyawa, wato Ayurveda, yana raba mutum da wannan larura.

Akwai abin amfani sosai a cikinsa, musamman ga ciki. A Indiya na karanci harhaɗa magunguna, na ci abinci a gidajensu, na ga yadda suke tafiyar da wannan al'amari. Abin da na fahimta shi ne mafi yawan amfanin yana cikin yadda suke tsara cin abinci da kayan ƙamshin da suke zubawa a tukunya. Garin da ke cikin roba ƙari ne a kan wannan. Don haka ki ɗan ajiye robobin nan biyu tukuna, za mu zo kansu.

Farkon abin da ya dame ni a wasiƙarki shi ne shekarunki da daɗewar abin. Kumburin da ya saba tashi bayan cin abinci, ya sauka kafin gari ya waye, yawanci ba shi da haɗari. Wanda ba ya sauka, kullum ciki sai ƙara girma yake, wannan na asibiti ne tun yau, domin ruwa yana iya taruwa a ciki saboda ciwon hanta, kuma kin san yadda ciwon hanta ya yawaita a cikinmu. Haka nan idan kina ramewa ba dalili, ko kina amai akai-akai, ko kin ga jini a amai, ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko abinci yana tsaya miki a ƙirji, ko idonki ya yi ruwan ɗorawa, ko an ce jininki ya yi ƙasa. Ga mace mai shekarunki akwai ƙari: kumburi kusan kullum, da saurin ƙoshi, da ciwon mara, da yawan fitsari, suna bukatar hoton mara, don a duba ƙarin mahaifa da ma'ajiyar ƙwai. Sankarar wurin nan haka take fara sallama, a hankali, ana ta shan maganin iska. Ina roƙon ki kada ki raina wannan. Babu citta ko garin Indiya da zai taɓa ɗaya daga cikinsu.

Sai ƙwayar cutar da ake kira H. pylori. Likitoci biyu 'yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano a farkon shekarun 1980 cewa ita ce ke haddasa mafi yawan gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. A Nijeriya mafi yawan manya suna ɗauke da ita, wasu ba ta dame su ba, wasu kuwa ita ce tushen cushewa da zafin ciki. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi. Gwajin jini ba ya bambance wadda aka taɓa yi da wadda ke nan yanzu. Ga kuma inda mutane da yawa suke asarar kuɗinsu: idan kina shan maganin olsa irin omeprazole ko 'yan'uwansa, sai kin dakata mako biyu kafin gwajin, in maganin kashe ƙwayoyin cuta kika sha kuwa mako huɗu, in ba haka ba sakamako zai ce babu alhali tana nan. Idan aka same ta, magani ne na kwana 10 zuwa 14, a shanye shi duka. A bayan gidan nan kuma sai a duba tsutsar ciki da sauran ƙwarin da ruwan sha ke kawowa. Ki kuma duba jakarki. Ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake sha kamar gyaɗa saboda ciwon jiki, suna cin bangon tumbi. Metformin na masu ciwon suga yana kumbura ciki, maganin ƙarin jini kuma yana ɗaure bayan gida.

To, a ce an duba duk wannan ba a ga komai ba, wanda shi ne abin da ya fi faruwa. A nan ne Ayurveda yake da abin faɗa.

Masanansa suna gina komai a kan abin da suke kira agni, wutar da ke dafa abinci a cikin mutum. Ki ɗauke ta kamar wutar murhu. Akwai wadda take ci daidai. Akwai wadda iska ke kaɗawa, yanzu ta tashi, anjima ta kwanta: yau mutum yana jin yunwa, gobe ba ya sha'awar komai, ga kumburi, ga ƙugi, ga taurin bayan gida. Wannan suna danganta ta da vata, wato ɗabi'ar iska da bushewa. Akwai wadda ta yi yawa har tana ƙona tukunya: yunwa mai zafi, ƙwannafi, gyatsa mai tsami, wani lokaci zawo, ita ce ta pitta, wato ɗabi'ar zafi. Akwai kuma wadda aka danne da ɗanyen itace, sai hayaƙi: nauyin ciki, kasala da barci bayan cin abinci, yini guda ba a ji yunwa ba, ita ce ta kapha, wato ɗabi'ar nauyi da sanyi. Abin da bai dahu ba ya kwanta a jiki kuma suna ce masa ama.

Ba a taɓa auna agni ko ama a ɗakin gwaji ba, kuma ni ban ɗauke su a matsayin wani abu da ke zaune a cikin hanji ba. Ina ɗaukar su a matsayin rabe-raben da mutane masu lura suka yi bayan sun daɗe suna kallon marasa lafiya, tun zamanin littafin Charaka, wani tsohon masanin Ayurveda, wajen shekara dubu biyu da suka wuce. Kuma rabon yana da amfani a aikace, domin yana hana kuskuren da na fi gani: a ba kowa magani ɗaya. Citta da masoro da ke taimakon mai nauyin ciki su ne suke ƙara wa mai ƙwannafi azaba. Bayanin da kika yi, kumburi da ƙugi da ɗaurewar bayan gida, ya fi kama da na biyun, mai iska. Irin wannan suna ba shi abinci mai ɗumi, mai ɗan maiƙo, a kan lokaci tsayayye, suna hana shi busasshen abinci da mai sanyi da cin tsaye.

Ilimin zamani ya ƙara mana haske a kan iskar kanta. Hanya biyu take shigowa. Ɗaya haɗiya: cin sauri, magana da loma a baki, cingam, lemon kwalba. Wannan ita ce gyatsa. Ɗaya kuma daga uwar hanji, inda ƙwayoyin halitta suke ruɓar da abin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa, kamar wani nau'in suga da ke cikin wake, da na madara, da na albasa da tafarnuwa da alkama. Mai lafiya ma yana fitar da iska sau 10 zuwa 20 a rana. Wani abin mamaki da masu bincike a Basalona ta ƙasar Sifen suka nuna shi ne, da yawa daga masu kumburi iskar cikinsu ba ta fi ta kowa yawa sosai ba. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne yake dannowa ƙasa, naman gaban ciki ya saki, sai ciki ya turo. Ga kuma hanji mai saurin jin abu, wanda damuwa da rashin barci suke ƙara wa ji. Shi ya sa tafiya da numfashi da kwanciyar hankali suke aiki, ko da ba a sha komai ba.

Dokar masanan Ayurveda ta farko ita ce ƙima. Charaka ya ce a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci mai ƙarfi, ɗaya na ruwa, ɗaya a bar shi fili. Ke Musulma ba baƙon zance ba ne a wurinki, don hadisin Miƙdam ɗan Ma'adi Karib da Tirmizi ya ruwaito ya zo da sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Muna karanta shi, amma ba mu cika auna tuwonmu da shi ba. A aikace, ki rage kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kika saba zubawa, ki tashi kina jin za ki iya ƙarawa.

Ta biyu ita ce na fi ba muhimmanci, kuma ita mutane suka fi takawa. Suna ƙyamar a ɗora abinci a kan wanda bai narke ba. Ki duba yininki na makaranta: shayi da burodi a tsaye da sassafe, awara ko gyaɗa a lokacin tara, wani ya miƙo cincin a ofis, a dawo gida a ɗanɗana girki, sai tuwo mai yawa bayan isha, a kwanta. Hanji bai sami hutu ba ko kaɗan. Likitanci ya tabbatar cewa idan ciki ya zama wayam, akwai wani motsi da yake bi ta tumbi da ƙaramin hanji yana share saura, yana dawowa kamar bayan kowane minti 90 zuwa 120, kuma da an ci wani abu yake tsayawa. Ƙugin yunwa da kike ji shi ne. Don haka ki bar awa huɗu tsakanin ci da ci, ruwa kawai a tsakani. Babban abincinki ya koma rana, kamar yadda suke cewa wutar ciki ta fi ƙarfi idan rana ta take. Na dare ya zama mara nauyi, tsakanin magariba da isha, a bar awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Na san a gidan da maigida ba ya dawowa sai dare wannan yana da wuya, amma kina iya cin naki da wuri, ki zauna da shi da kofin ruwan ɗumi. Ki ci a zaune, ki tauna sosai, abincin da ɗuminsa.

Akwai wata doka tasu da nake ganin da malaman makaranta da ma'aikatan ofis aka yi ta. Sun lissafa bukatun jiki guda 13 da suka ce kada a danne su, ciki har da bayan gida, fitsari, iska da gyatsa. Mace tana jin bayan gida da safe, amma ga shirin yara, ga makara, banɗakin makaranta kuma ba ya shiguwa, sai ta riƙe. In aka yi ta haka, hanji yana daina kira, kashi ya daɗe ya bushe, iska ta taru a bayansa. A wurin mata da yawa kumburin nan ɗaurewar bayan gida ce kawai, da ta warware sai ciki ya sauka. Ki tashi minti 20 kafin lokacin da kika saba, ki sha ruwan ɗumi kofi ɗaya ko biyu, ki karya, sannan ki ba banɗaki lokacinsa ba gaggawa. Hanji ya fi motsi bayan abincin safe. Tsuguno ya fi zama a kan masai na zamani, in shi gare ki sai ki sa 'yar kujera ƙarƙashin ƙafa.

Bayan cin abinci suna da al'adar taku ɗari. Ni ina cewa minti 10 zuwa 15 a tsakar gida, tafiya ta hankali. An gwada an ga motsa jiki mara tsanani yana taimaka wa iska ta wuce. In ba hali, suna zama a kan dugadugai, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, kusan zaman da kike yi tsakanin sujada biyu, na minti biyar. Da dare kuma, kafin barci, ki kwanta rigingine, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a cibiya, ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, kina jan cikin ciki kaɗan yayin da iska ke fita. Minti biyar ya isa. Idan iska ta tokare, ki rungumo gwiwoyinki zuwa ƙirji. In za ki kishingiɗa bayan abinci, ta hagu, don ta fi rage tasowar tsami.

Yanzu kayan ƙamshi. Citta ce kan gaba, kuma ba sai an je Indiya ba, tamu ta kudancin Kaduna tana cikin masu ƙarfi a duniya. Yadda suke yi: a yanka ɗanyar citta siriri kamar farce, a ɗiga lemon tsami, a barbaɗa gishiri kaɗan, a tauna minti 10 kafin babban abinci. Wani bincike a Taiwan ya ba masu cushewar ciki giram 1.2 na citta, aka ga tumbinsu ya fi saurin sauke abinci, ko da yake a wannan gwaji na sha ɗaya ba su ji bambanci a jikinsu ba. Ga mai nauyin ciki da tashin zuciya ina ganin amfaninta. Mai ƙwannafi ko gyambo ya bar ta a cikin miya kawai, kada ya tauna ta da ciki wayam. Mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likitansa kafin ya mai da ita ta kullum.

Wanda ya fi sauƙi ga kowa shi ne shammar, wato fennel a Turance, wanda masu sayar da magungunan Musulunci suke da shi. A Indiya duk gidan abincin da ka shiga, idan ka zo biyan kuɗi za ka ga ɗan faranti cike da 'ya'yansa, wani lokaci a soye sama-sama an gauraya da ƙanƙarar suga, kowa ya ɗiba da ɗan cokali ya watsa a baki ya fita yana tauna. Yana sassauta murɗawar hanji, yana gyara numfashi. Rabin ƙaramin cokali bayan abinci ya isa. Suna kuma dafa shi da kamun da 'ya'yan kusbara, wato cumin da coriander a Turance, rabin ƙaramin cokali na kowanne a ruwa kofi uku, ya tafasa minti biyar, a tace a zuba a filas ana kurɓa da ɗumi cikin yini. Wannan ba shi da zafi, mai ƙwannafi ma yana iya sha. Gwaje-gwajen da aka yi a kansa ƙanana ne, amma kayan miya ne da aka daɗe ana ci, kuma ko ba komai ya raba ki da lemon kwalba. Na'ana'a ma tana kwantar da murɗa, sai dai tana tayar da ƙwannafi.

Batun wake ya cancanci a tsaya a kansa, don Indiyawa sun fi mu cin dangin wake, kullum sai sun ci, kuma sun san yadda ake lallaɓa shi. Suna jiƙa shi ya kwana, su zubar da ruwan, su dafa shi har ya narke. Ga mai ciwon ciki suna zaɓar wani ƙaramin wake kore da aka cire wa ɓawo, su dafa shi da shinkafa ruwa-ruwa da man shanu kaɗan, suna kiransa kichari, shi ne abincin mara lafiya a can. Daga ƙarshe sai a ɗora ɗan mai a ƙaramin kasko, ya yi zafi, a watsa kamun ya fara tsalle, a sa hing kamar kan ashana, ya yi cuu, a juye a tukunya a rufe. Hing ɗin nan ƙaro ne na saiwar wani tsiro, mafi yawansa daga Afganistan da Iran suke sayo shi. Ɗanyensa wari gare shi mai hawa kai, amma da ya taɓa mai sai ya koma ƙamshi irin na soyayyar albasa da tafarnuwa. Shi ya sa yake da daɗi ga wanda albasa ke kumbura wa ciki: ya rage albasar, ya sa hing. Ki ɗauki wannan dabara ki kai kan wakenmu. Ki jiƙa, ki zubar da ruwan, ki surfe ɓawon, ki fara da alala ko faten wake kaɗan maimakon ƙosai da ɗanwake. Kanwa tana sa wake ya yi laushi, amma ki rage hannu, kuma ki daina jiƙa ta kina sha don kumburi in kina yi, gishirin da ke cikinta yana da yawa, ba ta dace da mai hawan jini ba. Hing kuma ba a ba jariri, mai juna biyu ma kada ta wuce ɗan abin da ake sa wa girki.

Sai nono. Ayurveda yana girmama abin da suke kira takra, ga masu ciwon hanji musamman. Kindirmo ludayi ɗaya, ruwa ludayi uku, a burga shi sosai, a kwashe man da ya taso, a sa garin soyayyen kamun da gishiri kaɗan, a sha bayan abincin rana, ba mai sanyi ba. Da dare kuwa suna hana kindirmo. Dalilin da ya sa yake karɓar mutane shi ne tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sugan madara. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan duniya ba sa narkar da wannan suga da kyau, kuma Hausawa sun fi Fulani makiyaya fama da hakan. Saboda haka ina zargin shayin safenki. Ki cire madarar gari da ta gwangwani gaba ɗaya na mako biyu. In ciki ya sauka, kin kama ɓarawo ɗaya. Nonon kuma ki tabbatar an dafa madararsa kafin a kwantar, ruwan da za ki ƙara ma mai tsabta ne.

To, robobinki. Hingvashtak haɗi ne na abu takwas: hing, busasshiyar citta, masoro, wani dogon masoro nasu da ake kira pippali, kamun iri biyu, 'ya'yan ajmoda, da gishirin dutse. Don kumburi da iska aka yi shi, kuma a kan bayaninki ya dace da ke. Yadda ake shansa a asali, kwatan ƙaramin cokali zuwa rabi, a cakuɗa da ɗan man shanu a lomar farko ta abincin rana. Sharaɗina uku ne. Kada ki fara sai an tabbatar ba ki da gyambo, domin yana da zafi. In kina da hawan jini ki tuna akwai gishiri a ciki. In kuma kina shan maganin farfaɗiya ko wani magani na kullum, ki nuna wa likita ko mai harhaɗa magani, saboda sinadarin da ke cikin masoro yana rage saurin da hanta ke sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini.

Triphala kuwa 'ya'yan itace uku ne busassu, amalaki da bibhitaki da haritaki. Aikinsa na zahiri sassauta bayan gida. Rabin ƙaramin cokali a ruwan ɗumi kafin barci, na mako biyu zuwa huɗu, ba na har abada ba. Yana da bauri sosai. In ya sa ki zawo ko murɗa, ki rage ko ki bari, mai juna biyu kuma ba nata ba ne. A gaskiya don ɗaurewar bayan gida na fi natsuwa da isabgol, ɓawon wani iri da ake nomawa a jihohin Gujarat da Rajasthan, domin shi an gwada shi sosai a asibitocin duniya. Ƙaramin cokali ɗaya a cikakken kofin ruwa, a sha nan take kafin ya yi kauri, a bi da wani kofin, a raba shi da sauran magunguna da awa biyu. A fara kaɗan, don in aka yi gaggawa shi ma yana kumburawa. Miyar kuɓewa da ta kuka da gwanda suna yin irin wannan aiki, kuma suna bakin ƙofarki.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Wani reshe na Ayurveda yana sa ƙarafa a magani da gangan, bayan an ƙone su an mai da su toka. A 2004 wani likita mai suna Robert Saper da abokan aikinsa suka sayi magungunan Ayurveda 70 a shagunan yankin Boston ta Amurka, suka sami dalma ko zaiba ko gubar arsenik a cikin 14. A 2008 suka sake gwada 193 da aka saya ta intanet, kusan ɗaya cikin biyar ya fito da irin wannan, kuma a cikin masu tokar ƙarfe abin ya kai wajen 40 cikin 100. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar dogon bayani. Ki juya robar ki karanta. In kin ga kalmar bhasma ko rasa a jerin kayan haɗin, ko babu jerin ma sam, ko babu sunan kamfani da lambar lasisi da ranar lalacewa, ki zubar. Wanda aka saya a nan gida ki nemi lambar NAFDAC. Indiya tana da ma'aikata sukutum ta wannan fanni tun 2014, likitocinsa kuma shekara biyar da rabi suke karatu, amma hakan bai hana gurɓataccen kaya shiga kasuwa ba. Haka nan kada wani ya ruɗe ki da wankin ciki mai ƙarfi ko tsarin tsarkake jiki da suke kira panchakarma. Kumburi irin naki bai kai nan ba, yin sa a gida kuma yana iya zubar da ruwan jiki har a kwanta asibiti.

Wasu dokokinsu ban ɗaure kowa da su ba. Hana haɗa madara da kifi, ko cewa ruwan sanyi yana kashe wutar ciki, babu hujja mai ƙarfi a kansu. In kin lura ruwan randa bai dame ki ba, ki sha abinki. Mai gas ɗin ne matsala.

Kada ki fara komai a rana ɗaya, don ba za ki gane wanne ya yi aiki ba. Wannan makon ki je a yi gwaje-gwajen da na ambata, ki gyara lokutan ci da ƙimarsa, ki fara tafiyar bayan abinci da zaman banɗaki na safe. Mako na biyu ki cire madara da lemon kwalba da cingam, ki shigo da shayin shammar. In bayan gida bai daidaita ba, sai isabgol ko Triphala, ɗaya daga ciki. Hingvashtak shi ne na ƙarshe, bayan sakamako ya fito. Ki sami ɗan littafi kina rubuta abin da kika ci, da ƙarfe nawa, da yadda cikin ya kasance da yamma, har da kwanakin al'ada, domin kumburi yana ƙaruwa gabaninta. Idan mako shida ya cika ba sauƙi, ko ɗaya daga alamomin can na sama ya bayyana ko da gobe ne, ki ɗauki littafin da robobin biyu ki kai wa likitan ciki, ki nemi a leƙa tumbin da na'ura. Allah ya ba ki lafiya.